Jin kamar ƙwari na yawo a fata: yadda ake gano sanadinsa da yadda ake magance shi

Akwai mutanen da, da zarar sun kwanta da daddare, sai su ji kamar kiyashi na bin ƙafafunsu, su kunna fitila, su kakkaɓe zanin gado, su duba jikinsu tsaf, amma ko ƙwaro ɗaya ba za su gani ba. Wasu a fatar kai suke jin abin, wasu a fuska ko gadon baya, wani lokaci tare da ƙaiƙayi, wani lokaci da ɗan cizo ko tsira irin ta allura, wani lokaci kuma motsi ne kawai kamar tsutsa na tafiya a ƙarƙashin fata. Wannan ji ba ƙarya ba ne, kuma ba cuta guda ba ce da za a ce ga maganinta. Alama ce da abubuwa da yawa ke kawowa, tun daga bushewar fata har zuwa ciwon sukari da larurar ƙwaƙwalwa, saboda haka maganin da ya warkar da wani yana iya ƙara wa wani wahala.

A gindin kowane gashi na jiki akwai ƙananan jijiyoyi da aikinsu shi ne su ji ko da ɗan motsi ne, su aika saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fassara saƙon ta ce wani abu na tafiya a wuri kaza. Lamarin kamar ƙararrawar ƙofa ne: tana iya bugawa saboda baƙo ya danna ta, tana iya bugawa saboda wayarta ta ɓare tana haɗuwa, kuma tana iya bugawa saboda akwatin ƙararrawar da kansa ya sami matsala, alhali ƙarar da mai gida ke ji iri ɗaya ce. Don haka aikin mai neman lafiya shi ne ya gano ko matsalar a fata take, ko a jijiya, ko a ƙwaƙwalwa, kuma ya fi dacewa a bi su a haka a jere, domin abin da ke saman fata ya fi sauƙin ganowa kuma ya fi saurin warkewa.

A fara tabbatar da cewa babu ƙwaron gaske

Kafin a sayi kowane magani, mutum ya ɗauki ’yan kwanaki yana lura da kansa, in da hali ma ya riƙa rubutawa. Wane lokaci abin ke tasowa, da dare ne ko duk yini? A wane sashe na jiki yake, ɓangare ɗaya ne ko duka biyun? Akwai ƙuraje tun kafin a fara susa, ko kuwa susar ce ta kawo su? Akwai wani a gidan da ke fama da irin wannan ƙaiƙayi? An sauya sabulu, ko an fara shan sabon magani, ko an daina wani da aka daɗe ana sha? Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne abin da likita zai fara nema, kuma sau da yawa su kaɗai sun isa su nuna inda za a dosa.

Ƙazwa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ƙwaronta ba ya ganuwa da ido yadda ya kamata, girman macen bai kai rabin milimita ba, kuma tana haƙa rami ne a saman fata ta zuba ƙwai a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci fiye da mutum miliyan 200 na ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Alamominta sanannu ne: ƙaiƙayi mai tsanani da ke ƙaruwa da dare, ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da ƙugu, da kewayen cibiya, da al’aura, sannan kusan kullum za a tarar da wani a gidan yana susa. Wanda ya kamu a karon farko kan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin komai, kuma a duk tsawon wannan lokaci yana iya shafa wa wasu. Ƙwarin da ke jikin mai ƙazwa ba su cika wuce 10 zuwa 15 ba, abin da ke sa ƙaiƙayin ya game jiki shi ne yadda garkuwar jiki ke faɗa da ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Likita kan kankare ɗan saman fata ya duba a na’urar hangen ƙananan halittu don ya tabbatar.

Maganin da aka fi ba da shi shi ne man shafawa na fametirin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ana shafa shi daga wuya har tafin ƙafa, ba inda ƙurajen suke kaɗai ba, a shigar da shi tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a bar shi awa 8 zuwa 14 sannan a yi wanka, a kuma maimaita bayan mako guda domin kashe waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Jarirai da tsofaffi ana haɗa musu har da fatar kai, bisa umarnin likita. Inda babu fametirin ana amfani da benzil benzowet ko man farar wuta, akwai kuma ƙwayar aibamektin da likita ke aunawa gwargwadon nauyin mutum, wadda ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Duk mutanen gidan za su yi maganin a rana ɗaya, har da waɗanda ba su fara ƙaiƙayi ba. Tufafi da zannuwan gado da tawul a wanke su da ruwan zafi da ya haura digiri 50, ko a goge su da dutsen guga, abin da ba ya wankuwa kuma a ƙulle shi a leda na tsawon mako guda, tun da ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 a raye in ya rabu da jikin mutum.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa tarko. Bayan ƙwarin sun mutu, ƙaiƙayin yakan ci gaba har mako 2 zuwa 4, sai mutum ya ɗauka maganin bai yi aiki ba, ya yi ta shafawa kullum, maganin kuma ya ƙone masa fata ya busar da ita, bushewar ta kawo sabon ƙaiƙayi da jin motsi, shi kuma ya ƙara tabbata cewa ƙwarin suna nan. Idan an yi shafi biyu yadda ya kamata, kowa a gida ya yi, kuma babu sababbin ƙuraje, to a tsaya a nan, a koma wa likita maimakon a sayi kwalba ta uku.

Sauran ƙwarin ba su da wuyar ganewa. Ƙwarƙwata da ƙwanta ana ganin su a gindin gashi, musamman bayan kunne da ƙeya. Kuɗin cizo ba ya zama a jiki, yana ɓuya ne a ɗinkin katifa da tsagar gado, yana barin ɗigon baƙi a wurin, kuma cizonsa kan fito a jere. Ƙuma daga dabbobin gida take zuwa, ta fi cizon idon sawu da ƙwauri. Akwai kuma ƙananan ƙwarin tsuntsaye da ke shigowa ɗaki idan akwai sheƙa a rufi ko taga. Wanda ya ji motsi a wani wuri yana iya manna salatif a kan fatar nan take, ya ɗaga ya liƙa shi a jikin gilashi ko farar takarda ya kai a duba. Tsutsar da ke tafiya da gaske a cikin fata tana barin shaida: wadda ake ɗauka daga kashin kare ko kyanwa in an taka ƙasa mai dausayi ba takalmi tana zana jan layi mai lanƙwasa da ke ƙara tsawo kowace rana, kuma ana magance ta cikin sauƙi da albendazol ko aibamektin. Sai dai wanda ya taɓa zama a dazuzzukan Afirka ta Tsakiya da wasu sassan Afirka ta Yamma, inda ake samun tsutsar nan da ke ratsa farin ido, kada ya sha aibamektin da kansa, domin idan tsutsar ta yi yawa a jini maganin na iya taɓa ƙwaƙwalwa har ya kai ga mutuwa.

Idan an duba duk waɗannan ba a ga komai ba, a kalli fatar kanta. Busasshiyar fata, musamman ta tsofaffi ko a lokacin sanyi da busasshiyar iska, tana tsattsagewa ta yadda ido ba ya gani, kuma hakan kaɗai ya isa ya tayar da jijiyoyin da ke samanta. Yawan wanka da ruwa mai zafi sosai, da sabulu mai ƙarfi, da gogar jiki da soso mai kaushi, duk suna ƙara abin. Maganin wannan shi ne a taƙaita wanka, a yi shi da ruwa mai ɗumi, a shafa mai mai kauri marar turare tun jiki bai gama bushewa ba, sau biyu a rana, na tsawon mako biyu, a ga ko za a sami sauyi.

Abin da ake sha da abin da aka daina sha

Mataki na gaba shi ne mutum ya tattara duk magungunan da yake sha, na asibiti da waɗanda ya saya da kansa da na ƙarin kuzari, ya kai wa likita ko mai haɗa magunguna su duba. Kulorokwin sananne ne wajen kawo ƙaiƙayi mai kama da cizon ƙwari, musamman ga masu baƙar fata, kuma yakan lafa cikin ’yan kwanaki bayan an daina. Kodin da tiramadol da danginsu suna sa ƙaiƙayi. Isoniyazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin tibi, yana iya taɓa jijiyoyin ƙafa, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6, sai dai shi ma B6 ɗin idan aka sha shi da yawa na tsawon lokaci lalata jijiya yake yi. Wasu magungunan ciwon daji, da wasu na cutar makyarkyata ta Fakinsin, da magunguna masu hana barci da ƙara kuzari, duk an san suna kawo wannan ji. Ba a so mutum ya yanke maganin da likita ya ɗora shi a kai da kansa, a koma wa wanda ya rubuta ne domin ya rage ko ya musanya.

Hodar iblis da kayan mayen nan da ake kira metamfetamin su ne suka fi ƙarfi a wannan fanni. Suna ambaliyar da dofamin, wani sinadari mai isar da saƙo, a ƙwaƙwalwa, suna hana barci na kwanaki, har mai shan su ya riƙa jin ƙwari a ƙarƙashin fatarsa yana tonon fuskarsa da hannayensa da farce ko allura. Babu man shafawar da zai yi wa wannan magani, sai an daina shan abin tare da taimakon asibiti. Haka kuma wanda ya daɗe yana shan giya da yawa sannan ya yanke ta farat ɗaya: cikin awa 6 zuwa 24 yakan fara rawar hannu da gumi, daga nan yana iya fara ji ko ganin ƙwari a jikinsa, a rana ta 2 zuwa ta 4 kuma yana iya shiga ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da jijjiga, wadda ke kisa idan ba a kwantar da shi a asibiti ba. Irin haka na faruwa ga wanda ya yanke ƙwayoyin barci na dangin diyazifam ba tare da an rage masa sannu a hankali ba. Duk abin da mutum ke sha, ya faɗa wa likita gaskiya, domin ɓoyewa kan sa a yi ta gwaje-gwajen da ba su da amfani.

Jijiyoyi da jini

Idan jin motsin ya fara daga yatsun ƙafa, a ƙafafu biyun lokaci guda, yana hawa sama sannu a hankali, yana ƙaruwa da dare, tare da zugi ko dindiris, to abin da za a fara zargi shi ne ciwon sukari. Kusan rabin masu wannan ciwo kan sami lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu, kuma akwai waɗanda ta nan ne ma ake fara gano suna da shi. Gwajin ba shi da wuya: sukarin jini kafin a ci komai da safe idan ya kai 126 a ma’aunin miligiram, ko gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku idan ya kai kashi 6.5 cikin 100, an shiga sahun masu ciwon. Daidaita sukari yana hana lalacewar ci gaba, ko da yake abin da ya riga ya lalace ba lallai ne ya dawo duka ba. Mai irin wannan ƙafa ya riƙa duba tafinta kowace rana, domin tana iya jin ƙwaron da babu shi amma ta kasa jin ƙusar da ta soke ta.

Ƙarancin bitamin B12 shi ne sanadin da, a ganina, aka fi mantawa da shi alhali yana da sauƙin magani. Ana samun wannan bitamin ne a nama da kifi da ƙwai da madara, hanta kuma tana adana shi na shekaru, don haka ƙarancinsa a hankali yake zuwa. Ya fi kama tsofaffi, da waɗanda ba sa cin abin da ya fito daga dabba, da waɗanda suka yi shekaru suna shan maganin sukari na metfomin ko magungunan rage tsamin ciki, da waɗanda cikinsu ba ya iya tsotsar bitamin ɗin. Ana magance shi da allura ko ƙwaya, kuma idan aka yi da wuri jijiyoyin suna farfaɗowa, idan aka makara kuwa lahanin na iya zama na dindindin. Shan folik asid kaɗai yana iya gyara ƙarancin jinin a takardar gwaji alhali jijiyoyin na ci gaba da lalacewa, saboda haka a nemi a auna B12 ɗin da kansa.

Akwai wata larura da ake yawan rikita ta da wannan: mutum ya zauna ko ya kwanta da yamma sai ya ji wani abu na yawo a cikin ƙwaurinsa, ya kasa haƙuri sai ya motsa ƙafar, da ya tashi ya taka kuma sai abin ya lafa. Wannan larurar ƙafa marar natsuwa tana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, tana yawan tasowa ga masu juna biyu da masu ciwon ƙoda, kuma magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci suna ƙara ta. Gwajin ma’ajiyar ayon ta jiki ake yi, domin adadin jini na iya zama daidai alhali ma’ajiyar ta yi ƙasa.

Mace mai shekara 45 zuwa 55 da al’adarta ta fara rikicewa, tana jin zafi na taso mata da gumin dare, tana iya jin wannan motsi saboda raguwar istirojin, wato sinadarin jikin mace, raguwar da ke sa fata ta yi siriri ta bushe. Ga wasu man shafawa ya wadatar, ga wasu kuma likita kan duba ko za a ba su maganin maye gurbin sinadarin, bayan ya auna haɗarinsa gare su. Ciwon ƙoda da ya yi nisa, da ciwon hanta mai toshe hanyar ruwan matsarmama, da matsalar halittar tayirod da ke gaban wuya, da cuta mai karya garkuwar jiki, da tunjere, da kuturta, duk suna cikin abin da gwajin jini da duban likita ke tantancewa. Mai juna biyu da ta ji ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa a watannin ƙarshe ta hanzarta zuwa asibiti, domin yana iya zama daga hanta kuma yana da haɗari ga ɗan da ke ciki. Idan kuma motsin da zugin a ɓangare ɗaya ne na ƙirji ko baya ko fuska, bayan ’yan kwanaki ƙuraje masu ruwa suka fito a jere a daidai wurin, to ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka, kuma maganinta ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen.

Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki ba su cika yi wa jijiyar da ta lalace komai ba. Abin da likitoci ke bayarwa shi ne amitiriftilin kaɗan da daddare, ko dulozetin, ko gabafentin, ko firegabalin, ana farawa da ƙaramin awo a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi makonni kafin a yanke hukuncin ko ya yi aiki. Kada mutum ya ga an rubuta masa maganin da aka san shi da ciwon damuwa ko farfaɗiya ya ɗauka an yi kuskure, aikinsu a nan shi ne kwantar da jijiyar da ke aika saƙon banza. Suna sa jiri da barci, ba a haɗa su da giya ko kodin ko tiramadol domin haɗin na iya danne numfashi, mai ciwon ƙoda sai an rage masa awon gabafentin da firegabalin, kuma ba a yanke su farat ɗaya.

Kafin sakamakon gwaji ya fito

Ana iya samun sauƙi da tsumma mai sanyi a ɗora a wurin na ’yan mintoci, ko man shafawa mai ɗan mentol, da tufafin auduga masu sakin jiki. A yanke farce, idan abin ya taso a danna wurin da tafin hannu maimakon susa, domin susa tana fasa fata ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, mikin da ke warkewa kuma shi ma ƙaiƙayi yake yi. A rage shayi da kofi da yamma, a nemi isasshen barci, tun da rashin barci kaɗai yana ƙara wa jijiyoyi kaifi. Setirizin ko loratadin suna taimakawa idan borin jini ne ko cizon ƙwaro, amma ba su da tasiri sosai a kan matsalar jijiya. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne shafa kananzir, ko fetur, ko ruwan wanke farin kaya, ko maganin feshin ƙwari, ko maganin dabbobi, domin garin neman gira ana rasa ido: suna ƙone fata, wasunsu kuma suna ratsawa cikin jini su lalata jijiyoyin da ake ƙoƙarin kwantarwa.

Ba a jiran gobe, asibiti ake garzayawa, idan jin ya zo farat ɗaya a ɓangare ɗaya na jiki tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, domin alamun shanyewar ɓarin jiki ne. Haka nan idan akwai ruɗewa, ko jijjiga, ko zazzaɓi mai zafi, ko raunin ƙafafu da ke hawa sama cikin kwanaki, ko miki da ya kumbura yana fitar da mugunya, ko kuma wahalar ta kai mutum ga tunanin halaka kansa.

Idan daga ƙwaƙwalwa ne

Kowa ya san yadda hirar ƙwarƙwata ke sa mai sauraro ya fara sosa kai, kuma mai yiwuwa wanda ya karanto wannan rubutu zuwa nan ya sosa wani wuri a jikinsa. Ƙwaƙwalwa kullum tana tace dubban ƙananan saƙonni daga fata tana watsar da su, amma fargaba da damuwa da rashin barci suna raunana wannan tacewa, sai motsin gashi ko gogar riga ya zama abin lura. Wannan yakan faru sosai ga wanda ya taɓa fama da kuɗin cizo ko ƙazwa na gaske, an kawar da su amma tsoron bai tafi ba. Irin wannan mutum ya san cewa wataƙila babu komai, kuma yana samun natsuwa idan an duba an tabbatar masa. Maganin damuwar, ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam ko ta ƙwaya, shi ke kawar da jin.

Akwai mataki na gaba da wannan, wanda likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi cikakken bayaninsa a 1938, shi ne kuma ya bayyana larurar ƙafa marar natsuwa a 1945. A nan mutum ya riga ya yi imani, ba tare da ko ɗigon shakka ba, cewa ƙwari ko tsutsotsi sun mamaye jikinsa, kuma babu gwajin da zai sauya masa ra’ayi. Yakan zo asibiti da ɗan kwali ko kwalba cike da ɓawon fata da zare da ƙura a matsayin shaida, ya yi ta sauya likitoci, ya yi wa gida feshi sau da yawa, ya ƙone katifa ko tufafi, ya ƙaurace wa iyalinsa don kada ya shafa musu. A sauran al’amuran rayuwarsa kuwa lafiya lau yake magana da mu’amala. Larurar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, mata sun fi yawa a cikinsu, kuma a kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na masu ita akan tarar wani na kusa da su shi ma ya ɗauki wannan imani. Wasu suna cewa zare ne ke fitowa daga fatarsu. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta binciki mutum 115 masu wannan koke a arewacin Kalifoniya, ta fitar da sakamako a 2012: ba a sami wata tsutsa ko ƙwayar cuta da ta haɗa su ba, kuma yawancin zaren da aka ciro irin na auduga ne, wato daga tufafi ya maƙale a miki.

Ba a yanke wannan hukunci sai an kawar da duk abubuwan da aka ambata a baya, domin ciwon mantuwa na tsufa, da miyagun ƙwayoyi, da ƙarancin B12, da matsalar tayirod, duk suna iya sanya wannan riga. Idan ya tabbata, maganin shi ne ƙaramin awo na magungunan da ke rage aikin dofamin, irin su risferidon ko olanzafin, kuma mafi yawan waɗanda suka yarda suka sha suna samun sauƙi sosai cikin makonni. Ana ci gaba da sha na watanni bayan jin ya ɗauke, sannan likita ya riƙa ragewa a hankali, yana lura da ƙiba da hauhawar sukari da sanƙarewar gaɓoɓi da magungunan ke iya kawowa.

Wahalar duka tana wajen shawo kan mai larurar ya karɓi maganin, kuma a nan iyali suna da rawar takawa. Gardama da shi a kan ko ƙwarin suna nan ba ta haifar da komai sai ƙiyayya, ce masa ya haukace kuma yana sa ya rufe bakinsa ya koma yi wa kansa magani a ɓoye. Gaskata shi da taya shi feshi da ƙone kaya shi ma ƙara dasa masa imanin yake yi. Abin da ya fi amfani shi ne a tsaya a kan abin da babu saɓani a kansa, wato yana shan wahala, ba ya barci, fatarsa ta yi miki, kuma akwai maganin da ke kwantar da wannan ji ko mene ne sanadinsa. A zaɓi likita ɗaya a tsaya a wurinsa, zai fi kyau likitan fata da ke aiki tare da likitan ƙwaƙwalwa, a bar shi ya duba abin da majinyacin ya kawo a kwalba da idon basira, a kwashe reza da allura da magungunan feshi daga inda hannunsa zai kai, sannan wani daga cikin iyalin ya ɗauki nauyin raka shi asibiti da tabbatar da cewa yana shan maganin a kan lokaci.